Koyar da Karatun Fahimta a Makarantun Firamare na Garuruwa Masu Harsuna Barkatai: Misali Daga Dutsen Alhaji, Abuja

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kalmar "karatu" tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya a Hausa. Akan ce yaro ya iya karatu idan yana iya furta abin da ke kan takarda, akan kuma ce mutum ya yi karatu idan ya sami ilimi. Fahimta ita ce ke haɗa waɗannan ma'anoni biyu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fahimta aba ce da ake koyarwa da gangan, kuma ba ta ginuwa sai a kan harshen da yaro yake ji. An ɗauki Dutsen Alhaji a matsayin misali domin a nan aiki ya ajiye ni, kuma a nan na ga matsalar ƙuru-ƙuru.

2.0 Yanayin Harshe a Dutsen Alhaji

Dutsen Alhaji yana cikin Ƙaramar Hukumar Bwari ta Birnin Tarayya, daura da Kubwa. Asalin yankin ƙasar Gbagyi ce, wato Gwarawa. Bayan dokar kafa sabon babban birni ta 1976, musamman bayan ƙaurar gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991, sai ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda tsadar haya ta hana su zama cikin birni suka yi ta kwararowa. Saboda haka a aji guda akan tarar da 'ya'yan Gwarawa da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa da Tibi da Igala. A kasuwa ana cuɗanya da Hausa da Turancin buroka, a aji kuwa, bisa abin da na gani, Ingilishi ake soma wa yaro da shi.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa wannan tanadi zuwa shekaru shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da janye shi, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Ko da wane tsari ake aiki, yaron da ya shigo aji ɗaya da Hausa ko Gbagyi a bakinsa, da shi zai yi tunani.

3.0 Mece ce Fahimta?

A shekarar 1986 Gough da Tunmer suka bayyana cewa fahimtar karatu tana samuwa ne daga abubuwa biyu: iya mayar da haruffa zuwa furuci, da kuma jin harshen da aka yi rubutun da shi. A ra'ayinsu ninka su ake yi, ba tara su ba. Wato idan ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne.

Wata rana ɗan maƙwabcina, ɗan aji huɗu a wata makarantar unguwa, ya karanta mini shafi guda na Ingilishi tiryan-tiryan ba gargada. Da na tambaye shi abin da ya faru a labarin, sai ya sake karanto jimlar farko. Da na ba shi labarin da Hausa kuwa, har dalilin da ya sa mutumin cikin labarin ya yi fushi sai da ya faɗa mini. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, karatun aku aka koya masa. Irinsa ba su ƙirguwa: rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su iya karanta gajeren matani su fahimce shi. Tun da daɗewa kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Ingilishi.

4.0 Rubutun Hausa da Buƙatar Fahimta

Kada a ɗauka cewa da zarar an koma ga Hausa an rabu da Bukar. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalma ɗaya a rubuce takan wakilci kalmomi da dama a baki. Dubi waɗannan misalai:

(1) gari: gàrii na zama, gàarii na tuwo
(2) fari: farii launi, farìi rashin ruwa, fàarii ƙwari, faarìi somawa
(3) ya tafi: yaa tàfi labari, yà tàfi umurni

A jimlar "fari ya cinye amfanin gona", da kuma "fari sun cinye amfanin gona", lamirin suna ne kawai ke shaida wa mai karatu yadda zai furta kalmar farko. Ashe ke nan a Hausa sai an fahimta ake furtawa daidai. Haka nan malamin da ke sakaci da baƙaƙe masu ƙugiya, yana rubuta "kafa" a madadin "ƙafa" ko "baki" a madadin "baƙi", ƙara wa yaro duhu yake yi. Wannan ya fi tsanani a Dutsen Alhaji, inda yara da yawa suka tsinci Hausa a titi, kuma ba su bambanta /k/ da /ƙ/ ko /d/ da /ɗ/ a furucinsu.

5.0 Matakan Koyarwa

5.1 Kafin karatu. Malami ya tattauna batun da baki cikin harshen da yara suka fi ji, ya fito da sababbin kalmomi kaɗan, ya haɗa su da abin da suka sani, kamar kasuwar garin ko madatsar ruwa ta Usuma. Inda malami bai ji harshen wani yaro ba, sai ya zaunar da shi kusa da wanda zai yi masa bayani.

5.2 Lokacin karatu. Malami ya fara karantawa a bayyane, yana dakatawa yana tambaya: me kuke zaton zai biyo baya? Wa ake nufi da "shi" a nan? Karatun amshi, inda aji duka ke maimaita abin da malami ya faɗa, yana ɓoye wanda bai gane ba.

5.3 Bayan karatu. A nan ne darasin auna fahimta ya fi samun rauni, domin yawancin tambayoyin da ake yi kwafe amsarsu ake yi daga matani. Dubi wannan:

(4) Audu ya fita da sassafe da buhun masara a kan keke. Da la'asar ya dawo ba buhu, ga ƙunshin nama a rataye, yana murmushi.

Tambayar "me Audu ya ɗauka?" ta zahiri ce. "Ina Audu ya je, kuma yaya aka yi ka sani?" tana buƙatar yaro ya haɗa buhu da nama da murmushi ya gano ciniki, alhali ba a ambaci kasuwa ba. "Da ya dawo da buhun, me za ka ce ya faru?" tana buƙatar ra'ayi da hujja. Wajibi ne kowane darasi ya ƙunshi nau'o'in nan uku, a kuma bar yaro ya amsa da harshen da ya fi iyawa kafin a taimaka masa ya maimaita da harshen aji.

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Akwai tatsuniya da kacici-kacici, akwai Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, akwai Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ga manyan azuzuwa, ga kuma littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a jihohin Sakkwato da Bauchi.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa furta rubutu rabin karatu ne, sauran rabin kuwa jin harshe ne, kuma a gari irin Dutsen Alhaji rabi na biyun ne ake bari a ƙofar aji. Ya rage ga masana harsunan Nijeriya su tanadi gajerun matanai masu tafiya daki-daki, su kuma sa hannu a horar da malamai a kwalejojin ilimi kan dabarun tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar aji uku bai san ana neman ma'ana a cikin rubutu ba, da wannan naƙasu zai fuskanci lissafi da kimiyya da duk sauran darussa.