Dogon jiran jirgi: Yaushe matafiyin Anka, Gummi da Bukkuyum zai iya fita ya ga gari?

Mutumin da ya fito daga Anka, Gummi ko Bukkuyum da niyyar barin ƙasa, ko don aikin Hajji, ko Umra, ko karatu, ko neman magani, sau da yawa yakan yi jira sau biyu kafin ya isa inda ya nufa. Jira na farko a cikin gida ne, a birnin da jirginsa zai tashi. Na biyu kuma a wata ƙasa ne, inda zai sauka ya sauya jirgi. Sau da yawa sa'o'in da yake kashewa a zaune sun fi waɗanda yake yi a sararin samaniya.

Ana iya mayar da wannan lokaci ya zama damar ganin gari. Sai dai damar ta dogara ne da abubuwa uku: lissafin sa'o'i, irin fasfon da ke hannun matafiyi, da kuma wanda ke riƙe da jadawalin tashi. Biyu daga cikinsu ba matafiyi ke yanke su ba, hukumomi ne.

Me ya sa jiran ke farawa tun daga gida?

An cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996, amma ta shafe shekaru masu yawa maniyyatanta na tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Masu tafiyar da ba ta Hajji ba kuwa, sai sun kai Kano ko Abuja ko Legas, inda jiragen ƙasashen waje ke da jadawali na yau da kullum.

Matsalar tsaro ta ƙara wa wannan nisa nauyi. Mutumin Anka da zai fito mararrabar Mayanci ya bi ta Talata Mafara da Tureta, da mutumin Bukkuyum da zai bi ta Ɗaki Takwas, duk sun san cewa ba a kama hanya da asuba ƙwarai, ba a kuma bari dare ya riski mota a daji. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka ci rayuka masu yawa, na cikin abubuwan da suka dasa wannan taka-tsantsan. Sakamakon haka, wanda jirginsa zai tashi da safe dole ne ya iso gari tun jiya, wani lokaci ma tun shekaranjiya. Wannan rana guda da tsoron hanya ya tilasta masa, ita ce dogon jiransa na farko.

A watan Yunin 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau, kuma sauƙaƙa jigilar alhazai na cikin manufofinsa. Amma filin ba zai kawar da jira ga yammacin jihar ba. Gummi ta fi kusa da Sakkwato fiye da Gusau, kuma hanyar Gusau ɗin ita ma ta Anka za ta bi.

Mene ne abin gani a Sakkwato cikin rabin yini?

Filin jirgin na kudancin birnin ne, kan hanyar Boɗinga, kuma mota ba ta ɗaukar dogon lokaci kafin ta shiga gari. Manyan wuraren tarihi suna kusa da juna a tsohon gari. Akwai Hubbaren Shehu, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, kuma a nan aka binne 'yarsa Nana Asma'u. Akwai Masallacin Shehu, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da fadar Sarkin Musulmi. Ga mai son karatu kuma akwai cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kayan tarihi. Kasancewarta ma'aikatar gwamnati, sai a lura da ranakun aiki.

Ga Bazamfare, wannan ziyara ba kallon tarihin wasu ba ne. Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, kuma Anka ce mazaunin sarautar Sarkin Zamfara a yau. Matashin da ke muhawara a Facebook kan matsayin sarakunan gargajiya, ko kan adalcin masu mulki, zai amfana da ganin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wanda Turawan Ingila suka ci da yaƙi a Maris ɗin 1903. Gani ya kori ji.

Hikima ita ce a tsaya a cikin birni. Wurno, inda kabarin Muhammadu Bello yake, tafiya ce ta musamman da ke bukatar nata shiri, ba abin da mai jiran jirgi zai saƙala a tsakani ba.

Me ya sa maniyyaci ya bambanta da sauran matafiya?

Mai tikitin jirgin kasuwa ya san ƙarfe nawa zai tashi, don haka yana iya tsara yininsa. Maniyyaci ba haka yake ba. Jigilar alhazai ta jiragen haya ce da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ke tsarawa tare da hukumomin jihohi. Jirgi ɗaya ne ke kaiwa ya komo, saboda haka jinkirin sawu guda kan shafi duk waɗanda ke bayansa. Ana iya kwana biyu a sansanin alhazai ba labari, sannan a kira sunaye cikin dare.

Saboda haka maniyyacin da aka riga aka sanya sunansa a sawu na gaba, ko aka tantance kayansa, bai kamata ya bar sansani ba. Wanda sawunsa ke da saura kuma, fitarsa ta kasance da izinin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, cikin rukuni, da waya mai caji, a kuma dawo kafin magariba. Kujerar da aka yi shekaru ana tara kuɗinta ba abin caca ba ce.

Yaya ake lissafin sa'o'i?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tazarar da ke kan tikiti a matsayin lokacin yawo. A ɗauki misalin mai jiran awa goma a wata ƙasa. Sauka daga jirgi da layin jami'an shige da fice na iya cin awa guda ko fiye. Kamfanoni kan nemi fasinjan ƙasa da ƙasa ya kasance a fili awa uku kafin tashi. Zuwa gari da dawowa, tare da cunkoson motoci, sai a ware musu awa biyu. Abin da ya rage awa huɗu ne. Da wannan lissafi, jiran da bai kai awa bakwai ko takwas ba zama a fili ya fi alheri.

Agogo ma tarko ne. Adis Ababa da Jidda suna gaban Najeriya da awa biyu, Lome kuma tana baya da awa ɗaya. A Habasha mutanen gari kan fara ƙirga sa'o'i daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. Wanda ya yi alkawari da direban tasi ba tare da sun daidaita agogo ba na iya samun kansa da saɓanin awa shida.

Hukuncin makara kuwa mai tsanani ne. A tsarin mafi yawan kamfanoni, wanda ya rasa zango ɗaya na tikitinsa da gangancin kansa, sauran zangunan kan rushe, har da na dawowa gida. Sannan matafiyi ya tambaya tun a Kano ko Abuja ko jakarsa za ta wuce kai-tsaye zuwa ƙarshen tafiya, domin mai tikiti biyu na kamfanoni daban-daban shi zai karɓi kayansa ya sake auna su.

Wace ƙofa fasfon Najeriya ke buɗewa?

A nan ne maganar yawon buɗe ido ke komawa ta siyasa. Kamfanin Turkish Airlines na da shirin zagaya Istambul kyauta ga masu jiran awa 6 zuwa 24, amma sai wanda ke da izinin shiga Turkiyya zai ci moriyarsa, kuma ɗan Najeriya sai da biza. Fasinjoji biyu kan sauka daga jirgi ɗaya, ɗaya ya tafi ganin masallatan birnin, ɗayan ya kwana a kan benci.

Kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ke sauka Kano da Abuja, kan ba da masauki a Adis Ababa ga masu jiran awa 8 zuwa 24 bisa wasu sharuɗɗa. Filin Bole yana manne da birnin, inda hedikwatar Tarayyar Afirka take. Amma izinin kwana a masauki bai zama lallai ya ƙunshi izinin yawo a gari ba, don haka sai a tambayi jami'in kamfanin kafin a fita.

Saudiyya ta ɓullo da bizar yada zango ta awa 96 a Janairun 2023 ga fasinjojin Saudia da flynas. Tana ba da damar yin Umra da ziyarar Madina, amma ba ta aikin Hajji ba ce. Jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a filin jirgin Jidda. Cancantar samun bizar na tafiya ne da fasfo, kuma a wurin sayen tikiti ake tabbatar da ita, ba bayan an sauka ba.

Ƙofar da ta fi faɗi tana kusa da gida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90. Mai jira a Lome, cibiyar jiragen ASKY, zai iya fita da fasfonsa da katin rigakafin shawara, filin na cikin gari, kuma a zangon birnin zai iske masu jin Hausa.

Me ya kamata matasa su nema?

Akwai tambayoyin da suka dace a yi wa masu riƙe da muƙamai. Me zai hana hukumar jin daɗin alhazai ta riƙa wallafa jadawalin kowane sawu da duk sauyin da aka samu, maimakon a tara tsofaffi a sansani suna zaman jiran tsammani? Idan jinkiri ya tabbata, me zai hana a fitar da motoci a kai su Hubbare a dawo da su cikin tsari? Wane mataki ake ɗauka don hanyar Gummi zuwa Anka ta zama wadda za a bi a kowane lokaci? Me Ma'aikatar Harkokin Waje ke yi kan sharuɗɗan bizar wucewa da ake gindaya wa 'yan Najeriya?

Kafin a samu amsoshin, ƙa'idar matafiyi a taƙaice take: ya tabbatar da izinin fita, ya cire sa'o'in da ba nasa ba, ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu da ke kusa, ya dawo da wuri. Idan ɗaya daga cikin waɗannan bai tabbata ba, ya zauna a fili. Birnin na nan, wata tafiyar ma zai same shi.