Ko Kun Sani?

A shekarar 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu, aka binne shi a Daura. A shekarar ce kuma fim ɗin Sangaya ya fito, waƙar fim ɗin ta game shagunan kaset na Kano.

Samarin da suka riƙa kunna ta a rakoda mai batir, suna dashen tumatir a gonakin noman rani na Kadawa, yau yawancinsu sun haura shekara 40, furfura ta fara leƙowa. A lokacin, dattawan Kura da Bunkure raina kiɗan fiyano suke yi, su dai a ba su kalangun Shata. Yanzu kuwa 'ya'yan waɗancan samari ne ke kiran Sangaya waƙar dā, suna jin Hamisu Breaker a waya.