Yaran da gyaɗa ke yi wa lahani: Me za a saya masu a kasuwannin ƙasar Arewa?

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi da Matankari da Ɗan Kasari har zuwa Tibiri da Dumega da Kore Mairuwa, ya san cewa da wuya mutum ya yi taku goma bai ci karo da gyaɗa ba. Ga mai ƙuli-ƙuli, ga mai mai a kwalabe, ga yarinya da farantin soyayya, ga mai tsire yana barbaɗa yaji. A wannan yanki na jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, inda aka fi kiranta gujiya, gyaɗa ita ce jarin mata. Su ke nomanta, su soya, su kai inji, su matse mai, su toya ƙuli. Da kuɗinta ake zubin adashi, da shi ake haɗa kayan ɗakin 'ya.

To amma akwai wasu yara 'yan ƙalilan waɗanda wannan abinci mai albarka kan zame masu guba. Yaro ya ci ɗan gutsuren ƙuli, kafin a ankara jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe da fatar ido sun kumbura, yana amai. Wani ma muryarsa ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Likitoci na kiran wannan lalura alaji. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin yaron ce ta ɗauki sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai ta tashi yaƙi, yaƙin kuma ya ƙare a kan mai jikin. Alamun kan bayyana ne cikin mintoci, ko kuma kafin awa 2 da cin abin. Ba a ɗaukar lalurar daga wani, kuma ba ta da alaƙa da gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda illarta daban ce, hanta take taɓawa sannu a hankali.

Dalilinmu na kawo wannan magana a shafin 'yan kasuwa shi ne, idan abin ya faru, mai talla ce kan fara shan zargi. A ce ta ba yaro wani abu, ko a ce mayya ce, alhali kuwa yara ashirin sun ci daga faranti guda ba abin da ya same su. Kasuwar mace kan mutu a kan magana irin wannan, zumunci ya lalace, shi kuma yaron a kai shi wajen mai magani a yi hayaƙi, bayan sati guda a sake ba shi ƙuli.

A ƙasashen Turai da Amurka ana ƙiyasta cewa yaro 1 zuwa 2 cikin 100 na da wannan lalura. A nan Afirka ta Yamma, wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta 1,604 a ƙasar Ghana ya gano wani abin mamaki: gwajin jini ya nuna alama a jikin kashi 17.5 cikin 100 na yaran, amma kashi 1.5 kacal ne suka ce gyaɗa na yi masu wani abu idan sun ci. Masu binciken sun danganta wannan rata da ciwon tsargiya, wanda kan ruɗa gwajin. Ke nan ba kowane ƙurji ne alaji ba, kuma bai kamata uwa ta hana ɗanta gyaɗa don jita-jita ba, ganin cewa a gidaje da dama ita ce ke maye gurbin nama. Abin da likita ya fi dogara da shi shi ne labarin da uwa za ta bayar: me yaron ya ci, bayan minti nawa abin ya taso, kuma sau nawa aka yi haka. Amma fa kada a ce za a gwada a gida a gani. Karo na biyu na iya fin na farko muni.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa kowa na ganinsu ya kauce. Matsalar tana wajen wadda ta ɓuya. Yajin tsire da garin ƙuli ake haɗa shi. Kilishi da tunkuza ake yi masa labu. Kwaɗon zogale da na rama, da garin rogo da ake kwaɗawa yara a ƙofar makaranta, duk da ƙuli ne. Dakuwa, wadda mutane ke ɗauka aya ce zalla, galibi da gyaɗa a cikinta. Haka miyar taushe, haka hallaka-kwabo, haka gugguru da ake ƙullawa tare da gyaɗa a leda guda.

Sai kuma babban tarko, wato mai. Ƙosai, fanke, awara, waina, soyayyen dankali da doya, da yawa da man gyaɗa na gida ake toya su. Man da aka matse da hannu yana ɗauke da ragowar sinadarin da ke tayar da lalurar, kuma wuta ba ta kashe shi. Binciken masana ma ya nuna suya na ƙara masa ƙarfi ne. Man kamfani da aka tace sosai ya fi sauƙin haɗari, sai dai wa zai rantse a kan abin da ke cikin jarkar da aka juye sau uku kafin ta iso kasuwa? Mun sha ganin mai tuya na ƙara wannan man a kan wancan a kasko guda, ba don mugunta ba, don haka sana'ar ta gada. Saboda haka abin da ya fi wa irin wannan yaro shi ne a toya masa nasa a gida, da man da aka tabbatar da asalinsa.

Akwai kuma injin niƙa da turmi. Injin da ya gama markaɗa gyaɗa, aka zuba masa wake ko gero ba tare da wanki ba, ya riga ya gauraya su. Turmin itace kuwa yana shan mai, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Gidan da ke da irin wannan yaro, musamman idan sana'ar gidan ƙuli ce, yana buƙatar ƙaramin turmi da kasko da cokali nasa na daban. Ba sai an daina sana'a ba. Ƙamshin gyaɗa kaɗai ba kasafai yake jawo mummunan tashin lalurar ba, shigarta baki ne abin tsoro. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abincinsa, a kuma ja kunnen 'yan uwansa kada su riƙa sam masa.

Wani abin lura shi ne suna. Abin da Ba'are ke kira gujiya shi Bakano ke kira gyaɗa, gurjiyar Kano kuwa ita ce kwaruru a Arewa. Matar da ke tsallaka iyaka zuwa Kangiwa ko Sakkwato ba ta da matsala, amma wadda za ta aika yaro hutu Kano ta faɗi sunayen biyu, don kada a fahimce ta a baibai.

Kayan kanti

A ƙasashen waje akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule na hatsi da zuma da ake naɗewa a leda domin yara su tafi da su makaranta, kuma iyaye kan dogara da rubutun jikin leda wajen zaɓe. Amurka ta yi dokar tilasta bayyana gyaɗa a jikin kaya a 2004, Tarayyar Turai kuma tun watan Disamba na 2014 take aiki da dokar da ta ce a fito da sunayen abubuwa 14 masu tayar da alaji ɓaro-ɓaro, gyaɗa na ciki. Kantunanmu cike suke da biskit da cakulan da alewa daga Nijeriya, Turkiyya, Indiya da sauransu, kowanne da harshensa. Ko mace ba ta yi boko ba, tana iya sa ɗanta ya rubuta mata kalmomi huɗu a takarda ta liƙa a jikin teburinta: arachide da cacahuète na Faransanci, peanut da groundnut na Ingilishi. Da Larabci kuwa ful sudani ake rubutawa. Idan an ga peut contenir ko may contain kafin ɗayan waɗannan kalmomi, ma'anarsa inji guda ne ya yi wannan da mai gyaɗa, don haka a bar shi. Kuma a duba kowane karo, domin kamfani kan sauya haɗi ba tare da ya sauya leda ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne sayar da ɗai-ɗai. Mai tebur kan farke kwali ya juye cikin roba ya yar da ledar, shi ke nan bayanin ya tafi bola. Ajiye kwalin a gefe ba ya cin ko dala.

Haka nan a kula da abincin tamowa mai suna Plumpy'Nut, wanda wasu Faransawa biyu, likita André Briend da Michel Lescanne, suka ƙirƙiro a 1996, ya kuma bazu a Nijar lokacin yunwar 2005. Ya ceci yara masu ɗimbin yawa, amma markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Uwar da ta san lalurar ɗanta ta faɗa wa ma'aikacin lafiya tun kafin a miƙo mata. Su kuma masu tsintar sa a kasuwa suna ba yara kamar alewa, magani ne, ba kayan talla ba.

To me ya rage wa yaron? Abubuwa da yawa, kuma masu arha: dabino, goruba, magarya, ɗinya, rake, mangwaro, gasasshiyar masara, dafaffen rogo ko dankali ba tare da yajin ƙuli ba, dafaffen ƙwai, fura da nono idan madara ba ta damunsa. Aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwar ciyawa ce, don haka ba laifi, in dai ba a kaskon gyaɗa aka soya ta ba. Wake da kwaruru danginta ne, amma akasarin masu lalurar na cin su lafiya, kuma wanda ya saba ci ba sai an hana shi ba. Kantun riɗi ma haka, sai dai a san kaskon da aka yi shi, a kuma san cewa shi riɗin kansa akwai waɗanda ba ya yi masu. Mai neman abin da zai jure aljihun ɗan makaranta, ta soya aya da ɗan gero, ta daka a turmin da aka keɓe, ta haɗa da dabinon da aka cire wa ƙwallo har ya kama jikinsa, ta mulmula. Dakuwa ce ba gyaɗa. Ga mai neman sabuwar sana'a, wannan ma kasuwa ce, muddin za ta riƙe amana a kan abin da ta ce babu.

Idan abin ya taso

Idan ƙaiƙayi ne da 'yan ƙuraje kawai, ƙwayar maganin borin jini kan kwantar da shi, amma a zuba wa yaron ido. Idan kuwa harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko murya ta canza, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya yi laƙwas, to ƙwaya ba ta isa ba. Allurar adirenalin ce magani, a cinya ake yin ta, kuma mintoci ke raba rai da mutuwa. A nemi babur ko mota nan take zuwa likita mafi kusa ko asibitin gunduma. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a zaunar da shi, amma kada a sa shi tafiya da ƙafa, kada a ɗura masa nono ko manja ko jiƙo. Da isa a faɗa wa ma'aikaci a fili cewa gyaɗa ya ci. Ko ya warware, kada a yi gaggawar komawa gida, don abin kan sake dawowa bayan wasu awoyi. Iyayen da ke ƙauye mai nisa su je tun yaro na lafiya su tambayi likitarsu ko akwai allurar a ajiye, su kuma sanar da malamin makarantar boko da na allo da mai tallar unguwa.

Game da ƙannen yaron kuwa, kada tsoro ya sa a hana su. Binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa. Waɗanda aka hana gyaɗa, kashi 17 cikin 100 sun kamu zuwa shekara 5, waɗanda aka fara ba su tun suna jarirai kuwa kashi 3 ne kawai. Ke nan ɗan kunun gyaɗar da iyayenmu ke lasa wa yaro idan ya fara cin abinci wajen wata 6 kariya ce. A dama shi ya yi laushi, ban da ƙwayar gyaɗa guda, wadda kan shaƙe ƙaramin yaro. Jaririn da ke fama da ƙyasfi mai tsanani a fata, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, shi kam a fara kai shi likita ya duba kafin a ɗanɗana masa.