Zazzaɓin Lassa A Bauchi: Tsoron Da Ke Da Amfani Da Wanda Ke Kisa

Mai karatu, wataƙila kana cikin waɗanda aka buga wa waya da asuba a watan Agustan 2014, aka ce ka tashi iyalinka ku yi wanka da ruwan gishiri, ku kuma sha, wai maganin Ebola. Cutar ba ta ko iso Bauchi ba, amma gishirin ya kwantar da mutane da dama a asibiti a faɗin ƙasar nan, wasu ma suka rasa ransu. Aikin firgici ke nan.

Abin mamaki, cutar da ke zaune tare da mu ba mu cika jin tsoronta ba. An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno. A 'yan shekarun nan, rahotannin hukumar NCDC kan sa Bauchi cikin jihohin da suka fi fama da shi, tare da Ondo da Edo. Ya fi tsananta da rani, lokacin da aka kai amfanin gona gida, ƙonon daji kuma ya koro ɓeraye cikin gari.

Wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta yi masa komai, amma fitsarinsa da kashinsa kan gurɓata abinci. Daga nan sai ta kama mai jinya ta hanyar jini, amai ko fitsarin maras lafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Sauran kuwa cutar kan taɓa musu hanta da ƙoda, wasu da suka warke ma kan kurmance. Ta fi muni ga mai tsohon ciki. Alamu kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana, kuma farkonsu kamar maleriya ko taifot ne: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro da kasala.

A nan ne mugun tsoro ke shigowa. Gudun kada a killace mutum, ko maƙwabta su riƙa nuna gidan, sai a ɓoye shi a ɗaki, ana zarya tsakanin kemis da mai maganin gargajiya. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na ATBU, inda ake gwaji da jinyar cutar, lokaci ya ƙure, mai jinyar ma ta kamu. Alhali maganin ribavirin ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko.

To, uwargida, ki mai da tsoronki taka-tsantsan. Garin da kika auno a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, zuba shi a mazubi mai murfi. Kada kwanuka su kwana da sauran tuwo. Maigida, toshe ramuka, nisanta bola da gida, a daina shanya hatsi a gefen titi. A hana yara farautar ɓera, kuma kada a ɗauki mushensa da hannu.

Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu, a tafi asibiti, ko a kira NCDC kyauta a 6232. In an yi rashi kuma ana zargin Lassa ce, a bari jami'an lafiya su jagoranci suturar.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu da iyalanmu.