Tsayawar Ajiyar Hotunan Waya a Intanet: Nazari kan Talata Mafara, Bakura da Maradun

Ma'ajiyar intanet, wato manyan kwamfutocin da kamfanoni irin su Google da Apple suka tanada domin adana kwafin abin da ke cikin wayoyin jama'a, an tsara ta ne bisa zaton cewa mai waya yana da Wi-Fi a gida, da lantarkin da ba ya yankewa, da katin bankin da zai riƙa biyan kuɗin wata. A Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara, inda akasarin mutane ke riƙe da Tecno ko Infinix ko Itel, suke sayen data ta kwana ko ta mako, kuma suke kai waya wurin masu caji, da wuya waɗannan sharuɗɗa su haɗu ga mutum ɗaya. Shi ya sa manhajar Google Photos takan nuna alamar tana jiran ɗora hotuna, a yi makonni ba ta gusa ba.

Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne sabis, kuma zargin yana da tushe. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ci gaba da jira na makonni, kuma duk hoton da aka ɗauka a tsakanin ba shi da wani kwafi sai wanda ke cikin wayar. Ko a ranakun da sabis yake lafiya, gudun ɗorawa, wato tura abu daga waya zuwa intanet, bai kai gudun saukewa ba, don haka bidiyon ɗaurin aure na mintoci kaɗan, mai nauyin ɗaruruwan megabait, yakan ci sa'o'i yana tafiya, sauran hotuna suna bayansa suna jira.

Sai dai idan aka auna, sabis bai kai wasu dalilai biyu nauyi ba, domin shi yana tafiya ya dawo, su kuwa ba sa kaucewa sai an taɓa su. Na farko shi ne saitin manhajar, wadda a yadda take zuwa ba ta ɗora hotuna sai ta samu Wi-Fi. Ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ko ɗan kasuwar Talata da bai taɓa haɗa wayarsa da Wi-Fi ba zai iya shekara da manhajar alhali ko hoto ɗaya bai bar wayar ba, har sai an shiga an ba ta izinin amfani da data, an kuma ɗaga iyakar megabait da aka yarje mata a kowace rana. Mutane da yawa sun ƙi ba da izinin da gangan, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Na biyu shi ne cikar wuri. Tun daga 1 ga Yunin 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, ya mayar da su cikin gigabait 15 da kowane asusu ke da shi, wanda Gmail da Google Drive ma suke ci daga cikinsa. Masu iPhone kuwa gigabait 5 kacal Apple ke ba su. Daga farkon 2024 kuma kwafin hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ya shiga lissafin gigabait 15 ɗin na Google, alhali a nan ne wa'azozi da waƙoƙin siyasa da saƙonnin murya na zaurukan dangi suke taruwa. Da zarar wurin ya cika ɗorawa takan tsaya cak, kuma illar ba ta tsaya kan hotuna ba, domin akwatin Gmail ma yakan daina karɓar saƙo, abin da zai iya hana mai neman aiki ganin takardar gayyatar da aka aiko masa.

Batir ma yana da nasa kason. Ƙarancin wuta ya sa mutane suna barin tsarin tattalin batir a kunne kullum, shi kuma aikinsa ke nan ya dakatar da manhajojin da ke aiki a ɓoye. Saboda haka mai gyaran waya da ya san aikinsa yakan fara da duba ragowar wuri a asusun, sannan izinin data, sannan saitin batir, kafin ya kai ga sabunta manhajar. Yi wa wayar filashin, wanda wasu ke gaggawar yi, yana shafe ainihin hotunan da ba su riga sun hau ba.

Babbar asarar takan zo ne ta hanyar amincewar da ba ta da tushe. Mai waya yana ganin hotunansa jere a cikin manhajar, ya ɗauka sun tsira, sai ranar da aka sace wayar ko ta faɗa ruwa ya gano cewa hotunan iyayen da suka rasu, da takardun gona, da rasitan ciniki sun tafi tare da ita. Wannan ne ya sa ajiya a katin memori da tura hotuna ta manhajar Xender zuwa wayar ɗan'uwa ba su gushe ba, duk da cewa katin yana lalacewa ba tare da gargaɗi ba. Hotunan da suka hau ma ba su kuɓuta gaba ɗaya ba: asusai da yawa masu shagon waya ne suka buɗe su a ranar saye, mai wayar bai riƙe kalmar sirri ba, kuma idan layin da aka yi rajistar da shi ya rufe saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, lambar farfaɗo da asusun ba ta da inda za ta sauka. Tun Disambar 2023 kuma Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar share asusun da ya yi shekara biyu ba a shiga ba, tare da hotunan da ke cikinsa.