Bayani a kan motar turbo: ƙarfin kamfani da ƙarfin bakanike

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Jibiya da Magama, har zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Da aka sake buɗe iyaka a Maris 2024 lodin hatsi ya dawo, sai kowa ya shiga neman motar da za ta ja buhu da yawa a sawu ɗaya. Nan zancen turbo ya shigo.

Shi turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, fiye da juyi 100,000 a minti guda, tana cusa wa inji iska. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. To amma zafi ma ya ƙaru, a nan maganar take.

Ku dubi Toyota Hilux mai inji 2KD. Kamfani ya fitar da shi da ƙarfin doki 102, ya kuma fitar da shi da 144, alhali girman injin ɗaya ne, lita 2.5. Da za su ƙara ƙarfin, sai da suka sa masa abin sanyaya iska, suka canza turbon kansa, suka daidaita ƙwaƙwalwar motar, suka gwada. Wannan shi ne ƙarin kamfani. Yana da tsada, amma an auna shi da awo.

Ƙarin gareji daban ne. Bakanike ya buɗe famfon injekta, ko ya ɗaure bawul ɗin turbo, ko a sake rubuta ƙwaƙwalwa da kwamfuta. Mota za ta yi tsalle, ba ƙarya. Sai dai lagireto na da ne, kuloci na da, birki na da. Mai ita kuma ya ƙara sifirin ya ɗora buhun gero fiye da kima, a rairayi, a zafin bazara. Ƙarshenta gaskit ya ƙone ko fistin ya narke, kaya su kwana a hanya, kasuwar Lahadi ta ci ba da su ba. Ban ce duk gyaran gareji ɓarna ne ba; wanda ya ƙara kaɗan, ya haɗa da babban lagireto da kuloci mai ƙarfi, yakan more.

Dillali in za ka shiga cinikin irin wannan mota, a tayar da ita da sanyin safiya a gabanka. Baƙin hayaƙi mai ne da bai ƙone ba, kuɗin mai saye ke fita ta salansa. Shuɗi kuwa baƙin mai take sha, sau da yawa turbon ne ya gaji. Duba hatimin famfo ko an karya. In an taɓa inji a faɗa wa mai saye kafin sallamawa, don ɓoye aibi algus ne, la'adarsa ba ta da albarka. Kuɗin wadda aka taɓa kuma bai kamata ya kai na wadda ke yadda kamfani ya fito da ita ba.