Madubin Da Ya Dace Da Mai Jan Tirela

A kakar da ta wuce mun yi wata asara a Ƙofar Mazugal. Mun ɗaura tirela a bayan a-kori-kurar ƙungiyarmu, muka cika ta da harawa za mu kai wa dillalan shanu kusa da kwata. Muna cikin shan kwana ta hannun dama, sai muka ji ƙara a baya. Ashe tayar tirela ce ta kwashi kurar wani mai ga-ruwa. Jarkoki suka tarwatse, shi kuwa ya tsira da ƙujewa a gwiwa. Muka biya kura, muka biya magani. Direbanmu ya ce sam bai gan shi ba. Da muka zauna a kujerarsa muka duba madubi, sai muka ga gaskiyarsa. Ba abin da ke cikin madubin sai harawa.

Ga dalili. Masu ƙera mota sun auna madubin gefe daidai da faɗin motar kaɗai. Da zarar an jawo tirela wadda ta fi motar faɗi, ko an yi lodin kara ko harawa har ya zarce gefe, madubin ya zama na ado. Na tsakiya kuwa tun tuni kaya sun rufe shi. Sa'an nan tayar tirela ba ta bin sawun tayar mota, yanke kwana take yi. Iyakar tsawon tirela, iyakar yadda za ta shigo ciki.

Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba yana zaune a hagu. Watau gefen dama shi ne mai nisa da idonsa, nan ne kuwa masu tafiya a ƙasa, da 'yan kura, da 'yan makaranta suke bi. Wanda ya san hanyar da ta taso daga Ƙofar Wambai zuwa Ƙofar Mazugal ya san yadda A Daidaita Sahu ke kutsawa ko'ina aka bar ɗan fili. Saboda haka in kuɗi ba su isa a gyara madubi biyu ba, a fara da na dama.

Maganin abin shi ne madubi mai dogon hannu, wanda zai leƙo ya wuce faɗin kaya. A Ingila, inda mutane ke jan ɗaki mai taya a bayan mota su tafi hutu, doka ta ce lalle direba ya iya ganin fili mai faɗin mita 4 a kowane gefe, a nisan mita 20 bayansa. Ta kuma hana madubin ya wuce faɗin abin da ake ja da fiye da santimita 25, wajen inci 10 ke nan. Wannan dokarsu ce, amma awon yana da amfani gare mu. Madubi gajere ba ya nuna kome, wanda ya cika tsawo kuwa zai mari mai keke a kai.

To, kafin ku tafi kasuwa ku yi awo. Ku yi lodi irin wanda kuka saba, ku auna faɗinsa da igiya, sa'an nan ku auna tsakanin madubin hagu da na dama. Abin da ya ragu a igiyar ku raba biyu, ku ƙara inci 4 ko 5. Tsawon hannun da kuke bukata a kowane gefe ke nan. Da igiyar za ku tafi, kada ku dogara ga ido.

Gilashin iri biyu ne. Akwai shimfiɗaɗɗe, irin na wanzami, wanda ke nuna nisan abu daidai, amma filin da yake nunawa kaɗan ne. Akwai kuma mai doro kamar bayan cokali. Shi yana kwaso fili mai yawa, sai dai yana ƙanƙantar da abu, har motar da ke dab da kai ka zaci tana can nesa. Mu dai shawararmu, a sa shimfiɗaɗɗe a gefen direba domin wuce mota da komawa layi, a sa mai doro a dama domin ganin tayar tirela da bakin hanya. Direban da bai saba da mai doro ba ya yi kwana biyu yana gwadawa a fili tukuna.

A kasuwar Ƙofar Ruwa, ba nisa da Mazugal, ana samun sabo ana samun na hannu. Za a nuna muku wanda ake ɗaurawa da roba a kan madubin mota, da wanda ake matsewa da noti. Mai robar yana da araha, yana kuma da saurin sawa, amma mun gwada shi a hanyar ƙauye mai gargada, rawa yake yi har ba a bambanta jaki da mutum. Zafin rana kuma yana cinye robar. Mun fi gamsuwa da babban madubin tsohuwar roka, muka kai wa mai walda ya yi masa hannu na bututun ƙarfe. Dattawa suna cewa daga zugar maƙera ƙofar nan ta sami sunanta, har yau kuwa ba a rasa masu aikin ƙarfe a wannan yanki. Ku ce masa ƙafa uku kuke so, biyu a sama ɗaya ta tokare daga ƙasa, gama hannu mai ƙafa ɗaya ba ya daina karkarwa. Kada ya liƙe shi a jikin ƙofa da wuta. A ɗaure da noti, a sa guntun robar tsohuwar taya a tsakani, domin a iya cirewa ran da ba a jan tirela. Masu tarakta, waɗanda yawancinsu ba su da madubi ko ɗaya, sai su kafa nasu bisa murfin babbar taya.

Saura gwaji, wanda ba ya cin ko kwabo. Ku tsai da mota da tirela a miƙe, da lodinsu. Yaron mota ya koma baya taku 25, sa'an nan ya yi taku 5 zuwa gefe. Direba yana zaune yadda ya saba, ba leƙe ba miƙa wuya, ya faɗi hannun da yaron ya ɗaga. Bayan haka yaron ya zo ya tsuguna kusa da tayar tirela ta dama, gama tsawon ƙaramin yaro ke nan. In direba bai gan shi ba, a sunkuyar da madubin, a sake. Mun yi wannan sau 4 kafin namu ya zauna daidai, muka sa fenti a kan notin domin mu gane in ya goce. Da hunturu kuma, lokacin ƙura, akwai tsumma a ƙarƙashin kujerar direba, aikin yaron mota ne ya goge madubin duka biyu kafin a tashi.